Cokalin Baba Mai Agogo

Ranar da aka fitar da Baba Mai Agogo daga ɗakinsa na cikin gida aka mayar da shi ɗakin bakin ƙofa, duk mai ido ya san abin ba zai ƙare lafiya ba. Direba ma ya sani, domin shi ya riƙe ƙafafun mahaifin nasu, yayansa ya riƙe kafaɗu, suka ratsa tsakar gida da shi kamar masu fitar da tsohuwar katifa. Ya sani, amma ya ja bakinsa ya yi shiru, kamar yadda ya saba.

Wata huɗu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Baba a kan teburin aikinsa, gilashin duba cikin agogo na maƙale a idonsa. Ɓarin dama ya tafi gaba ɗaya. Abin da ya rage masa shi ne hannun hagu da bakin da ya karkace. Magana tana fita da ƙyar kamar ana jawo ta da igiya, amma wanda ya tsaya ya saurara zai gane. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Ya'yansa uku ne: Yaya, mai shagon tayil, wanda makullin masallacin layin yake hannunsa; Direba, mai jan bas ɗin haya daga asuba zuwa magariba; sai Auta da ke aure a wani gari mai nisa. Yaya da Direba suna zaune a gidan da iyalansu.

"Nan ya fi iska, Baba," in ji Yaya. "Kuma masu zuwa dubiya ba sai sun ratsa mata ba."

Ba wanda ya ambaci wari, amma shi ne dalilin.

Ɗakin tsohon wurin ajiya ne. Akwai buhun siminti biyu da suka daskare a kusurwa, da taga ɗaya mai kallon lungu. Aka rataye masa agogon bangonsa mai makulli, wanda ake ɗaure wa waya duk bayan kwana takwas. Gadon katako ne mai nauyin gaske, aka ajiye shi yadda ya fi sauƙin shiga. Ba wanda ya lura cewa alƙibla ta koma bayan kan Baba, sai Baba.

Direba ne ya kawo dabarar cokali. Ya ajiye kofin silba a gefen matashi, ya sa cokali a hannun tsohon.

"Duk abin da kake so, Baba, ka buga. Ko ina muke za mu ji."

Kuma suna ji. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana daidaita agogon masallaci ba ya kuskuren lokaci. Kafin ladan ya buɗe baki, cokali ya fara: kwal, kwal, kwal, yana neman ruwan alwala. Ban da na fitsari da na bayan gida da na a juya shi. Makon farko ana rige-rigen zuwa. A na uku sai matan suka sa wa abin suna.

"An tashi 'yan makaranta," matar Yaya za ta ce daga bakin murhu. "Je ki, surukinki na kira."

"Surukina ni kaɗai? Ai ke ce babba, ladan naki ne."

Su yi dariya, cokalin ya ci gaba har hannun ya gaji.

Wata rana Direba ya dawo gab da magariba ya tarar da mahaifinsa a jiƙe tun daga baya har gwiwa, abincin rana na ajiye a ƙasa inda hannu ba ya kaiwa. Ya fita tsakar gida ransa a ɓace.

"Haba Baban yara," in ji matarsa. "Ni zan buɗe tsiraicin mahaifinka? Da wane idon zan sake kallonsa? Abinci dai na kai."

Yaya yana fitowa daga ɗaki cikin fararen kaya, makullai na kaɗawa a hannunsa.

"Kai ma ka san ba zan taɓa shi yanzu ba. In najasa ta same ni fa? Mutane na jira in buɗe masallaci. Shi kuma ya rage buga abin nan, mara lafiya ai Allah ya ɗauke masa nauyi."

Auta kuwa kullum tana waya tana kuka, tana cewa mijinta bai ba ta izini ba tukuna. Da Direba ya kawo maganar a samo mai jinya, Yaya ya ce, "Da 'ya'yansa a raye? Me mutane za su ce?"

Direba ya koma ya gyara tsohon da sauri da sauri, ya kawar da kai gefe, ya riƙe numfashi. Yana cikin goge shi ya ji muryar nan mai jan ƙafa.

"Ka yi numfashi, ɗana. Kar ka suma a kaina, ba mai ɗaga mu."

A ranar ya fara ganin jan tabo a ƙugun Baba, kamar faɗin tafin hannu. Ya ce a ransa gobe zai sayo magani. Goben ta zo ya fita tun da duhu.

A ƙarƙashin tagar nan, cikin lungu, akwai rumfar Kafinta. Tsoho ne sa'an Baba, gajere, kullum da fensir a bayan kunne da garin katako a gira. Ranar Lahadi yakan sa wata kwat da ta fi ƙarfinsa ya tafi coci. Shekara talatin suna maƙwabtaka suna tsokanar juna. Kafinta ya ce agogon da Baba ya gyara iyakarsa ya raka ka gida. Baba ya ce kujerar Kafinta sai an sa mata dutse a ƙafa ɗaya kafin a zauna.

Direba bai san yaushe abin ya fara ba. Ranar da bas ɗinsa ta lalace ya dawo gida da azahar, sai ya ji murya biyu a ɗakin bakin ƙofa. Ya leƙa. Kafinta ne durƙushe da buta da roba, yana wanke wa Baba hannun da ya mutu.

"Sau uku, Mai Katako," Baba na cewa. "Har gwiwar hannu. Ba fenti kake shafawa ba."

"To, ranka ya daɗe. Mutum a kwance, amma baki na tsaye."

Ya wanke masa ɗaya hannun, ya shafa masa kai da kunnuwa, ya sauka ƙafa, yana bi tsakanin yatsu kamar mai goge kayan da za a kai wa mai shi. Da ya gama sai ya dafa gadon da hannu ɗaya ya tura, gadon ya juya salin-alin har fuskar Baba ta kalli alƙibla. Direba ya duba ƙasa. Ƙananan tayoyi huɗu ne aka ɗaura wa ƙafafun gadon.

Kafinta ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, ya ba ɗakin baya.

"Sannu, Malam Direba. In zai yi salla fita nake, kar in tsaya masa a gaba."

"Baba Kafinta, tun yaushe?"

"Ranar da ya buga cokalin nan har na gama yanka ƙofa guda bai daina ba. Na ce ko dai in shigo, ko in toshe kunne. To kunnen nawa ba shi da murfi."

Ya ƙera masa kujera mai rami da ake sa fo a ƙarƙashi. Ya kafa masa sanda a gefen gado da zai riƙa ya ɗan muskuta. Duk bayan awa biyu yakan ajiye zarto ya shigo ya juya shi. Da rana ya kawo kwanonsa, ya juye na Baba a ciki, su ci tare, loma ɗaya tasa, ɗaya ta Baba. Shi ke ɗaure wa agogon bango waya. Jan tabon ya bushe.

Mutanen gida suka sami sauƙi, ba wanda ya hana shi. Yaya ma cewa ya yi, "Ai gara shi. Ba salla yake yi ba, najasa ba ta dame shi ba." Direba ya ji kunya kwana biyu, daga nan kunyar ta bi jiki. Wata biyu aka yi a haka.

Wata Juma'a bayan an sauko, dattawan masallaci uku suka biyo Yaya dubiya. Direba na nan. Suka tarar da Baba cikin riga mai tsabta, an yi masa aski, ɗakin ba wari.

"Masha Allah," in ji babbansu. "Mai Agogo, ka haifu. Dubi yadda yaran nan suka riƙe ka fes. Allah ya yi musu albarka."

Yaya ya sunkuyar da kai yana amsa amin.

"Ba su ba ne," in ji Baba.

Aka yi kamar ba a ji ba. Ya sake faɗa, yana rarrabe kalmomin.

"Ba su ba ne. Kafinta ne. Kuma tunda kun zo, ku zama shaida. In na mutu, shi zai yi min wanka."

Dattijon ya yi murmushi irin na rarrashi.

"A'a, Mai Agogo. Kai ma ka sani. Musulmi ne ke wanke Musulmi."

"To, wa ya wanke ni jiya?"

Agogon bango ne kaɗai ke magana.

"Shekaranjiya fa?" Idonsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Direba, sannan ya wuce. "In sai nasu yake wankewa, to ku rubuta ni cikin nasu."

Dattawan suka ɗauki salati. Yaya ya miƙe yana ba su haƙuri, ya ce ciwon ne ya fara taɓa kai, likita ma ya faɗa. Likita bai faɗa ba. Ya raka su ƙofa ya dawo.

"Baba, ka san abin da ka faɗa kuwa? A gaban mutane? Ni da ke riƙe da makullin masallaci?"

"Zauna," in ji Baba.

Yaya bai zauna ba. Baba ya yi maganarsa a haka, yana hutawa tsakanin jimla da jimla.

"Kun san ba a cikin addinin nan aka haife ni ba. Amma ba ku taɓa tambayata abin da ya shigo da ni ba. Ina ɗan shekara sha bakwai na zo koyon gyaran agogo, jikina duk ƙazuwa. Duk inda na je, a wani kwano daban ake zuba min, a ajiye can nesa. Maigidana ya dawo daga masallaci, ya jawo ni, ya wanke min hannu da kansa, ya ce mu ci. Kwano ɗaya. Ko harafi ban sani ba a lokacin. Na ce duk inda mutumin nan yake zuwa sau biyar a rana, zan bi shi in gani. Karatu daga baya ya zo." Ya numfasa. "Hannu na biyo. Yanzu na duba, ban ga hannun a gidana ba."

Yaya ya fita, ya tsaya a tsakar gida, bai ko rage murya ba.

"Dama can tubabbe ne! Abin da ya baro ne yake kiransa. Shi kuma wancan tsohon, wata biyu yana zuba masa huɗuba a kunne muna ganin kamar taimako ne."

Ƙofar ɗakin a buɗe take. Direba ya ga mahaifinsa ya rufe ido.

Yaya ya zagaya lungu, Direba na biye. Kafinta yana shafe wani allo.

"Daga yau kar ƙafarka ta sake taka gidanmu."

"Ɗana, ni ban iya wa'azi ba. Katako na iya."

"Kar ka sake ce min ɗanka."

Kafinta ya cire fensir daga kunne, ya duba shi, ya mayar.

"Na ji. Amma ku riƙa juya shi duk awa biyu. Ƙugun hagun nan bai gama ƙwari ba. Kuma ba ya iya haɗiye abu mai kauri, sai an sassauta masa da ruwa."

"Mun fi ka sanin ubanmu."

A yammacin nan Yaya ya kawo ƙarfe ya ɓamɓare tayoyin. Direba ne ya ɗaga gadon, Baba na kai. Aka jefa tayoyin lungu tare da kujerar. Aka buga allon katako a tagar daga ciki, Direba na riƙe, Yaya na buga ƙusa. Sai Yaya ya kawo rediyo mai karatu da wa'azi, ya ɗora a kan buhun siminti inda hannun Baba ba ya kaiwa, ya ƙure murya, ya ce a bar shi a kunne har imanin tsohon ya dawo. Ya kuma rubuta takarda ya manna a ƙofa: wane da safe, wane da rana, wane da yamma.

Kwana huɗu aka bi takardar. A na biyar kaya suka iso wa Yaya a shago. A na shida matan suka tuna da kunya. Cokali ya dawo aiki, yana ratsa muryar mai wa'azi.

"Ba mu yake kira ba," in ji Yaya. "Wancan yake yi wa alama ta bango. Je ka karɓe cokalin."

Direba ya so ya ce a'a. Shekara arba'in da biyar yana son ce wa yayansa a'a. Ya shiga ɗakin, wanda yanzu duhu ne ko da rana, ya kama kan cokalin. Baba ya riƙe. Ƙarfin da ya rage masa a duniya duk yana cikin yatsun nan biyar.

"Baba, ka yi haƙuri. Na kwana biyu ne."

"Kai ka ba ni," in ji Baba.

Sai ya saki yatsun ɗaya bayan ɗaya. Direba ya sa cokalin a aljihu, ya fita bai waiwaya ba.

Daga nan kwanakin suka yi ta gangara. Tabon ya dawo, ya buɗe, ya zama gyambo, wani ya fito a diddige. Direba yakan wanke shi in ya dawo, ran da gajiya ta bar shi. Abincin da ake kaiwa da safe shi ake ɗaukewa da yamma ba a taɓa ba, matan su ce tsohon ya fara zaɓen abinci. Bakin ya ƙara karkacewa, har Direba ya daina gane rabin abin da yake faɗa, sai ya riƙa cewa "to, Baba" yana neman ƙofa. Agogon bango ya tsaya a ƙarfe biyu saura kwata, ba wanda ya san inda makullinsa yake. Da Direba ya ce a kai shi asibiti, Yaya ya ce sai ya fara dawowa hayyacinsa, kar ya je ya maimaita maganar nan a gaban baƙi.

Abu ɗaya ne bai tsaya ba. Lokacin kowace salla, Baba yakan ƙwanƙwasa katakon gado da bayan yatsunsa, a hankali, sau biyu. Daga lungu sai guduma ta amsa, sau biyu.

Ranar Talata ta mako na huɗu, Direba na tasha bas ta kusa cika, sai ya hango Kafinta yana kutsawa cikin mutane, ba hula, gumi ya jiƙa garin katakon da ke fuskarsa. A ƙafa ya zo.

"Malam Direba, bai ƙwanƙwasa ba. Da asuba shiru, da azahar shiru. Na buga ƙofarku, matan sun ce Yaya ya hana a buɗe min."

Direba ya bar fasinjojin suna zaginsa, ya tare babur, suka hau su biyu.

Warin ne ya fara tarbarsa, sannan ƙudaje. Mai wa'azi a rediyo yana bayani a kan haƙƙin iyaye. Direba ya fizge wayar rediyon. Baba na kwance yadda ya bar shi tun jiya, leɓɓansa sun bushe sun tsage, numfashi na fita da ƙara. Sai a lokacin Direba ya ga abin da ya yi mako huɗu yana kallo bai gani ba: ranar da suka cire tayoyin, sun bar gadon yadda yake da farko. Duk tsawon kwanakin da suke tsare wa mahaifinsu addini, alƙibla na bayan kansa.

Ya kama gadon ya ja. Ko motsi bai yi ba. Ya sa kafaɗa ya tura har ƙafarsa ta zame.

"Baba Kafinta! Shigo, don Allah, shigo!"

Su biyu suka ɗaga, suka ja, suka juya shi. Kafinta ya jiƙa gefen rigarsa ya goge wa Baba leɓɓa. Baba ya buɗe ido.

"Mai Agogo, ka makara yau," in ji Kafinta. "Har ni na riga ka sanin lokaci."

Gefen bakin da ke da rai ya ɗan motsa.

Direba ya durƙusa, ya kai bakinsa kunnen mahaifinsa, ya fara laƙƙana masa kalmar shahada. Da jin haka Kafinta ya miƙe ya fita, ya tsaya a bakin ƙofa ya ba ɗakin baya, kamar yadda ya saba duk lokacin salla.

Leɓɓan Baba suka motsa. Ya faɗi wani abu, mai ɗan tsawo, idonsa a kan ɗansa. Direba ya kasa kunne, ya ce, "Na'am, Baba? Sake faɗa." Ya sake faɗa. Sauti ne kawai ya isa kunnen Direba, bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Mutum ɗaya ne a duniya da har yanzu zai iya gane wannan bakin, shi kuma yana tsaye a waje don girmama sallar da ba tasa ba. Kafin Direba ya yi tunanin kiransa, hannun hagun ya sauka a kan katakon gado, ya ƙwanƙwasa sau ɗaya. Na biyun bai zo ba.

Yaya da limami ne suka yi wanka, Direba na zuba ruwa. Da aka juya gawar Yaya ya ga bayan mahaifinsa, karo na farko tun da tsohon ya kwanta, sai ya saki soso ya dafa bango. Limami ya dube su su biyu, ya ci gaba da aikinsa. Auta ta iso, yau mijinta ya ba ta izini. Jama'a ta cika layi. Duk wanda ya zo gaisuwa Yaya ya ce masa, "Alhamdu lillahi, ya cika da kalma a bakinsa, ga ƙanena nan shaida." Direba ya sunkuyar da kai, aka ɗauka amsawa ce. Da aka fito da makara, Kafinta na tsaye can tsallaken titi cikin kwat ɗin nan tasa, ko da yake ba Lahadi ba ce.

Bayan mako guda Direba ya zagaya lungu. Tayoyin huɗu na jere a kan teburin aiki, an goge su.

"Baba Kafinta, don girman Allah ka faɗa min gaskiya. Ya shiga addininku?"

Kafinta ya daɗe yana kallon allon da aka rufe tagar da shi.

"Sau uku ya ce in kira masa fastonmu. Na ce, Mai Agogo, ba na karɓar aiki daga mutumin da ke cikin fushi. Ka warke, ka tashi da ƙafarka, in har yanzu kana so, ni zan riƙe maka hannu mu je. Sai ya ce to in kawo buta, la'asar ta yi."

"Bayan an rufe tagar fa? Ya taɓa cewa wani abu?"

"Wani lokaci nakan manna kunne a bango. Abu ɗaya yake tambaya."

"Me?"

"Ko Direba ya dawo."

Har yau ana maganar a layin. Wasu sun ce asiri aka yi wa tsohon, wasu sun ce ciwo ne, wasu sun ce dama wanda ya shigo daga baya ba a sakin jiki da shi. Yaya ya ja kunnen iyalinsa kan hulɗa da waɗanda ba namu ba, kuma makullin masallaci na nan a hannunsa. Kowa yana tambayar wa ya ja Baba, ba a sami mai tambayar wa ya tura shi ba. An yi ta bincike a kan abin da aka zuba masa a kunne, ba a bincika wa ya zubar masa da fo ba. Mutumin da loma ɗaya ta shigo da shi yana ɗan sha bakwai, ya yi shekara arba'in yana tayar da mutane salla a kan lokaci, ya ƙare yana roƙon ruwan alwala a gidan da ya gina da hannunsa, 'ya'yansa na tsoron kar ya ɓata musu tsarki.

Cokalin na nan a aljihun gaban bas ɗin Direba, tare da takardun mota. Wani lokaci in ya faɗa rami yakan ji ƙararsa. 'Ya'yansa huɗu ne, kuma duk sun ga yadda aka yi: sun ji dariyar da ake yi in an tashi 'yan makaranta, sun ga wanda ya riƙe allo da wanda ya buga ƙusa. In ya zauna cin abinci yanzu yakan kira su su ci kwano ɗaya, su yi ta kallon juna suna mamakin abin da ya same shi.

Direba bai san abin da mahaifinsa ya faɗa masa sau biyu a wannan rana ba. Bai san ko kalmar shahada ce, ko sunan wani ne, ko yafiya, ko kuwa cokalinsa yake nema. Bai san a kan wane addini Baba ya cika ba. Bai kuma san wa zai shigo ba, ranar da shi ma zai kwanta ya buga.